Kada Ki Leƙa Kafin A Buɗe

Gwadangaji,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Safiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya a cikin jirgi, ba tsaye kina zazzage jaka kina neman fasfo kamar wancan karon ba. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, har da ƙarƙashin ƙasar, tunda can kika zaɓa ki yi aiki.

Na zauna rubutu ne yanzu da kika tafi Argungu sallamar Kawunki Mamman, don in kina gidan nan ba na samun ƙarasa magana. Da na ɗauko zance sai ki ce, "Inna, ba haka abin yake ba," ki jawo kwamfuta ki cika min ido da zane-zane. Takarda dai ba za ki iya katse ta ba. Gobe kafin mu fita tasha zan cusa ta a aljihun jakarki ta hannu.

Raina a ɓace yake tun jiya da rana, kin kuma san dalili. Muna cin tuwon shinkafa, kina tsame ƙaya daga kifi, sai kika ce, kamar mai zancen farashin albasa:

"Inna, ai ni ka shirya bayanan nan. In na so yanzu ma ina iya leƙawa ga kwamfutata, ba wanda za shi sani."

Na ce, "Mi kic ce?"

Kika ce, "Wasa ni kai."

Ba wasa ba ne. Ni na goye ki, na san muryar wasanki, na kuma san muryar da kike yi in kin riga kin fara shawara da zuciyarki. Da ita kika ce min za ki ɗan duba ko mangwaron maƙwabta ya nuna, ranar da kika faɗo daga katanga.

Bari in maimaita miki abin da na fahimta game da aikinku, don kada ki ce tsohuwa ba ta gane ba ta kama faɗa. Kun haƙa rami a ƙasar Turai, zagayayye, wanda kika ce tsawonsa ya fi daga nan zuwa Ambursa. A ciki kuna kora ƙananan ƙwayoyin zarra da gudu, waɗansu ta nan waɗansu ta can, su yi karo su tarwatse. Can ba a rasa ba, a cikin karon da ba ya ƙirguwa, sai wata ƙwaya ta fito wadda kuke kira boson, wadda ta dalilinta ne sauran ƙwayoyi suka sami nauyi. Na tambaye ki ko ita ce ta sa zannuwana suka daina zagaye ni, kika ce a'a, yawancin nauyin jikin mutum daga wani wuri yake fitowa. To na yafe mata. Ba wanda ya taɓa ganin ta da ido, don tana fitowa take fashewa, sai dai ku tsinci gutsattsarinta ku ce ta zo ta wuce. Kuma tana da son kai: ƙwaya mai nauyi ta riƙe ta da ƙarfi, marar nauyi da ƙyar take kula ta. Ke kuwa, da yake ba ki taɓa zaɓar abu mai sauƙi ba, sai kika ɗauki ɗaya daga cikin marasa nauyin, muwon, kina auna yadda boson ke mu'amala da ita. In abin da kuka auna ya yi daidai da lissafin malamanku, shi ke nan, lissafi ya tabbata. In ya kauce, to akwai wani abu a halittar Allah da ba ku sani ba tukuna.

Sai kuma ƙa'idar da ta kawo mu nan. Kin ce wurin da ake sa ran amsar za ta bayyana a cikin bayanan, a rufe yake. Ba mai dubawa sai kun gama shirya yadda za ku tace, kun yi gardama kun gaji, kowa ya yarda da hanyar, sannan a tara jama'a a buɗe a gaban kowa. Ranar buɗewar tana gaba da 'yan watanni. Ita kuwa jami'ar nan ta gida da ta yi miki tayin koyarwa tana son amsa kafin lokacin. Shi ne kike so ki leƙa ke kaɗai, in da abin kirki ki zauna can, in babu ki tattaro ki dawo. Na faɗi daidai ko ban faɗa ba?

To ki saurare ni, don ba wanda ya kai ni sanin leƙe a duk Kabi. A wurina kika gado shi, babanki Allah Ya jiƙansa mutum ne da zai ajiye saƙo wata guda bai kwance ba.

Ina yarinya a Argungu, kakarki ta koya min gumin shinkafa. A jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta kwana, a tsame, a zuba a babbar tukunya da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu a danne da murfi, a hura wuta. Daga nan aikinki ɗaya ne, ki kula da wuta ki bar murfi. Ranar farko da ta bar ni da tukunya ta tafi barka, na ɗaga murfin nan ya fi a ƙirga. In ɗaga in ga ko ƙaiƙayin ya fara tsagewa, in mayar, in zagaya, in dawo in sake ɗagawa. Da aka shanya aka kai turmi, rabi ta farfashe ta zama tsaki, don ta ƙasa ta nuna ta sama ko ɗumi ba ta ji sosai ba. Kakarki ta dubi shinkafa, ta dube ni, ta ce, "Kulu, wa yac ce ki buɗe? To tashi ki bi tururin da kis saki ki kamo shi." Mun yi kwanaki muna shan faten wannan tsakin, kowa na hararata.

Na san abin da za ki ce, har na ji muryarki. Za ki ce lambobi ba tururi ba ne, ba sa gudu don an kalle su. Gaskiyarki. Lambobin suna nan yadda suke, mai kallon ce ke canzawa, kuma wannan ma na koye shi da kunya.

Lokacin da nake koyarwa a firamare a Ambursa, ina da ɗalibai mata biyu a aji shida. Ɗaya mai natsuwa, mai kyan rubutu, kullum ita ke share min tebur. Ɗayar kuwa bakinta ba ya rufuwa, rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda. A kowace jarrabawar lissafi ta farkon ce a sama. Wata shekara hedimasta ya kawo sabon tsari, ya ce a naɗe saman kowace takarda a maƙale sunan, wata malama ta kwafe amsoshin, a ba mu mu yi maki ba mu san ta wa muke dubawa ba. Na tayar da jijiyar wuya a ofishinsa. Na ce zargina yake yi, ni da ban taɓa ƙara wa kowa maki da gangan ba. Kuma wallahi ban taɓa ba. Ya bar ni na gama, ya miƙo min takardun. Da aka warware sunaye, mai surutun ce a sama, da tazara mai kyau. Na koma na duba tsofaffin takardunsu. Inda duk su biyun suka bi hanya daidai suka kuskure amsar ƙarshe, ɗaya na ba ta rabin maki na ce ta yi ƙoƙari, ɗayar na ja mata jan biro na wuce. Ban san ina yi ba. Idona ne ya riga ya san wadda yake so.

Ke da bakinki kika gaya min cewa a aikinku ku ke zaɓar karon da za a riƙe da wanda za a zubar, ku ke sa iyaka, nan ya shiga nan bai shiga ba. To in kin riga kin leƙa kin ga inda ɗan tudun da ke nuna amsar a zanenku yake, kina tsammanin hannunki ba zai karkata ba ranar da za ki matsar da iyakar nan? Zai karkata, kuma za ki samo masa hujja mai kyau, da turanci mai daɗi, har ke kanki ki yarda. Dubban mutane masu digiri a kan digiri sun zauna sun amince cewa ba su yarda da idanunsu ba, shi ya sa suka rufe. Sai ke, ɗiyar Kulu, ke ce idonki ya fi na kowa adalci. Abin nan yana ba ni haushi, Safiya, don kin fi ni sanin duk wannan, ke kika koya min shi a kan tabarmar nan.

Kuma a ce kin leƙa, kin ga wani abu. Ina za ki kai fuskarki? Mu ba mu iya riƙe labari ba. Tambayi Kawunki, shi zai ba ki labari. Wata shekara a wurin gasar kamun kifi ya fito daga ruwa da giwan ruwa a cikin homa, ragarsa ta kamun kifi, shi da abokinsa suna ja da ƙyar. Ina bakin gaɓa. Ban jira an ɗora a sikeli ba, na rangaɗa guɗa, na ruga gida na ce wa matarsa ta ɗora tukunya, Mamman ya cinye gasa. Kafin in dawo an auna, kifaye da yawa sun fi nasa, ko cikin waɗanda aka kira bai shiga ba. Ya shigo gida ya tarar da mata cike da tsakar gida ana yi masa barka. Har yau in na je Argungu dangin matarsa "Mai Guɗa" suke ce min, jikokinsu ma sun ɗauka sunana ke nan. Ke ma kin ce sau da yawa ɗan tudu yakan fito a bayananku, mutane su fara murna, da an ƙara tara bayanai sai ya baje kamar ba a yi ba. To ki leƙa ki ga irinsa, ki ƙi aikin jami'a saboda shi, ko ki ga fili ki tattaro kayanki alhali abin yana nan bai gama fitowa ba. Ko ta ina kika bi, a kan kifin da ba a auna ba kika yanke shawara.

Sannan ranar buɗewa ta zo. Farfesarku, matar nan da kika ce ta tsaya miki lokacin da takardun zamanki suka maƙale, ta dubi jama'a ta ce ba wanda ya ga wannan wuri sai yau. Ke kuma kina zaune a ciki. Ko ki yi shiru, ki zama maƙaryaciya a gaban mutanen da suka ba ki amana, ko ki ɗaga hannu ki ce kin gani, aikin shekaru na mutane da yawa ya shiga shakka, a ce a sake, sunanki kuma ya zama na yarinyar nan da ba a barin ta da makulli. Digirin da kika bar gida dominsa a kan wannan amanar yake rataye. Ba wanda zai ce Safiya ce kaɗai ta yi. Ke kaɗai ce daga wannan yanki a cikinsu, kin sani, kuma akwai 'yan mata a unguwar nan da iyayensu suka bar su suna karatun kimiyya don an ce ga ɗiyar Malama Kulu can.

Saura ɗaya, wanda ba na son tunawa, amma ke ba ki manta ba, don haka ba amfanin in yi kamar ban sani ba. Ranar da takardar gurbin karatunki ta iso, kina kasuwa. Sunanki ne a bayan ambulan, ba nawa ba. Na ajiye a kan firji, na ɗauka, na ɗaga ta a rana, na ajiye. Daga ƙarshe na kara ta a bakin buta mai tafasa har gam ɗin ya saki. Niyyata in karanta in mayar in liƙe. Kafin ki sauko daga keke napep, mai shagon bakin layi ya riga ya yi miki barka, yara na bin ki. Kika shigo, kika ga ambulan a buɗe a hannun maƙwabciya. Ba ki yi kuka ba, ba ki ɗaga murya ba. Cewa kawai kika yi, "Inna, nawa na." Kika shige ɗaki. Labarin mai daɗi ne, ba abin da ya ragu a cikinsa, amma na ƙwace miki buɗewar, kuma ba ni da inda zan samo ta in mayar miki. Wancan wurin da ke rufe a kwamfutarki ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai wanda ya tsufa yana ɗaura wayoyin injin nan, akwai wanda ya bar iyalinsa a wata ƙasa yana gadin na'ura. Ranar tasu ce su ma.

Kada ki ɗauka ina faɗin wannan don ina son ki zauna can. In don ta ni ce, ki karɓi aikin jami'ar nan gobe. Gidan nan ya yi min girma. In na dafa abinci sai ya kwana, in ƙafata ta tashi ba mai miƙo min man zafi sai na ƙwala wa 'ya'yan maƙwabta kira. Jiya da kika yi maganar nan, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ce bar ta ta leƙa, wataƙila ta ga ba komai ta dawo. Na ji kunyar kaina, shi ya sa na tashi na hau wanke kwanonin da ba su yi datti ba. Ina son ki dawo ƙwarai, amma ba da abin ɓoyo a cikinki ba.

Maganar aikin kuwa, ki yanke ta kamar yadda mutane ke yanke shawara tun kafin a ƙera kwamfuta. Ki yi istihara. Ki tambayi kanki, in aka buɗe aka ga komai ya yi daidai da lissafi, ba sabon abu, ba wanda zai kira ki a rediyo, za ki so ki ci gaba da auna muwon ɗin nan? In e ne, ki rubuta wa jami'a ki ba su haƙuri. In a'a ne, ki karɓi aikinsu ki roƙi su jira ki kammala. Ba ki ma tambaye su ko za su ɗaga miki ƙafa ba, na tabbata, don ke tambaya wuya take miki, kin fi son ki haura katanga.

Tunda ina rubutu, ki ci abinci. Kin dawo wuyanki duk ƙashi, kina gaya min wai burodi da cuku abincin rana ne. Na sa miki kuka da daddawa da yaji a ƙasan babbar jaka, na naɗe su sosai, kada ki bar su a filin jirgi don kunyar wari. Rigar sanyin nan mai tsagewa a hammata ki yar da ita. In kina aikin kwana a ɗakin na'ura kada ki haɗa salloli don ƙyuya. Kuma in na kira ki ɗauka, ko da cewa za ki yi kina aiki.

Yanzu ga abin da nake so ki yi, ba shawara ba ce, umarni ne. Ranar da kika koma, kafin ki kwance jaka, ki je wurin Farfesa ki ce mata kina da hanyar shiga wurin da aka rufe, kuma kina so a ɗauke ta daga hannunki a ba wani. Ba sai kin ce kin yi niyyar komai ba. Kada ki ce min za ki iya daurewa. Na sha cewa zan daure, tun ina gaban tukunyar kakarki nake faɗa. Irinmu ba a gwada mu da haƙuri, nisanta mu ake yi da abin.

Na san za ki ce Inna ta iya faɗa. To ki ji.

Yau da safe kin kulle baƙin akwatinki na ɗaki, wanda kika tara takardunki da littattafanki da ban san me ba. Kika rataye makullin a ƙusar bayan ƙofa, wai ko za a buƙaci wata takarda ba kya nan. Kina ɗaura ɗankwali kika yi dariya kika ce, "Na san kahin in kai Abuja kin buɗe shi." Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Kina wanka na shiga ɗakin sau biyu. Na biyun har na taɓa makullin.

Ƙullin shinkafar da na ba ki ki kai wa Kawunki, makullin yana tsakiyarsa, a naɗe a tsumma. Ke da kanki kika kai shi Argungu. Kina fita na kira shi na ce, "Mamman, akwai makulli cikin shinkahwag ga. Ko na zaka ina kuka, ko na ce gobara ta, kak ka ba ni. Sai ran da Safiya ta kira ka da bakinta tac ce sun buɗe nasu." Ya yi dariya har da tari, ya ce zai sa a ƙasan jirginsa na ruwa in ya ga na matsa.

Ga ni nan zaune, akwati yana kallona ina kallonsa, kuma haka za mu zauna har watannin nan su cika. Ban san me ke ciki ba, abin yana ci na kamar ƙaiƙayi. In ni da tsufana da halina zan kwana ɗaki ɗaya da shi, ke ma za ki iya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Ya tsare miki idonki da hannunki da amanarki. Abin da ke rufe, Allah Ya sa alheri ne, ko ya zo daidai da lissafi ko ya kauce. Ranar da kuka buɗe, ki fara kiran Kawunki kafin ni, don in kika fara da ni, kafin ya ɗauki waya ina Argungu.

Wassalam.

Innarki,
Hauwa Kulu